Reissue, reprint ko re-release: wace kalma ce ta dace da tsohon littafin da za a sake fitarwa?

"Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, malamin makaranta ne, kuma ya taɓa rubuta littafin koyar da lissafi cikin Turanci don 'yan firamare, aka buga shi a shekarun 1980. Littafin ya daɗe da ɓacewa a kasuwa, kamfanin da ya buga shi ma ya rufe. Yanzu mu 'ya'yansa mun haɗa kuɗi za mu sake fitar da shi da sabon bango da gajeren tarihinsa a gaba, ba tare da mun taɓa darussan ba. Ni aka ɗora wa rubuta sanarwa da Turanci. Wani ya ce in sa *reprint*, wani ya ce *relaunch*, yayata ta ce *new edition*, ni kuma ina yawan ganin *reissue* da *re-release* a jaridu. Wacce ce daidai, kuma yaya ake sa ta a jimla?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya sa wannan littafi ya zame masa sadaka mai gudana. Ku kuma Allah ya yi muku albarka da kuka tuna da aikinsa.

In na fahimce ka da kyau, ga halin da littafin yake ciki: ya taɓa fitowa, ya ƙare a kasuwa shekara da shekaru, darussan suna nan yadda marubucin ya bar su, ku kuma za ku dawo da shi cikin sabon bango da ɗan ƙari a gaba, ta hannun wani mai bugawa daban. Kalmar da Bature ya ware wa irin wannan hali ita ce *reissue*, kuma ita za ka sa a sanarwarka. Sauran da aka ba ka shawara duk Turanci ne mai kyau, kowacce da gurbinta. Matsalar ita ce kowace ɗaya tana ɗaukar wa mai saye wani alkawari dabam, kuma littafinku alkawarin *reissue* kaɗai ya cika. Na daɗe ina aikin gyaran rubutu ga masu wallafa littattafai, ina kuma koyar da Turanci, wannan ruɗani kuwa yana cikin waɗanda suka fi zuwa gabana, don haka bari mu bi shi a tsanake.

Tushen kalmar shi ne *issue*, wadda ta shigo Turanci daga tsohon Faransanci, asalinta kuma kalmar Latin ce mai nufin fita waje. A Turancin yau ana amfani da ita ne idan wata hukuma ko kamfani ya fitar da abu ga jama'a da sunansa: babban banki ya fitar da takardun kuɗi, hukumar shige da fice ta ba da fasfo, gwamnati ta fitar da sanarwa, gidan waya ya fitar da kan sarki. Ka lura ba a maganar ƙera abin ko buga shi, ana maganar sakinsa ne ga mutane. Da aka sa mata ɗafa-goshin *re*, wanda ke nufin sake, sai ta zama sake sakin abin da aka taɓa saki. Wannan ne ya bambanta ta da *reprint*. Ita *reprint* labarin injin bugu take ba ka, cewa an sake gurza takarda. Ita kuwa *reissue* labarin shawara take ba ka, cewa wani ya duba wani tsohon aiki ya ce wannan bai kamata ya mutu ba, ya sake miƙa shi ga duniya.

Abin da masu littattafai suke nufi

A nan ne ya kamata mu daɗe, tunda naku littafi ne.

Idan littafi yana tafiya a kasuwa, kwafin da ke sito suka ƙare, kamfani ya koma wa maɗaba'a ya ce a ƙaro masa dubu biyar daga faranti ɗaya ko fayil ɗaya, wannan shi ne *reprint*. Turawan Ingila sukan kira kowane zagaye *impression*, Amurkawa su ce *printing*. Ba a yi masa sanarwa, domin ba labari ba ne, aikin yau da kullum ne. Ka ɗauki Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937. Kamfanin wallafa na NNPC da ke Zariya ya sha maimaita bugunsa saboda makarantu ba su daina nemansa ba, kuma labaran da kakanninmu suka karanta su ne jikokinsu ke karantawa. Yawancin waɗannan bugu-bugun *reprint* ne tsantsa. Akwai wata dabara da za ta taimake ka a kantin littattafai. Ka buɗe bayan shafin take na littattafan da aka buga a Ingila ko Amurka, sau da yawa za ka ga jerin lambobi kamar 10 9 8 7 6 5 4 3. Lambar da ta fi ƙanƙanta ita ce ke gaya maka bugu na nawa ne a hannunka, wato a wannan misali na uku. Duk lokacin da aka sake bugawa sai a goge lamba ɗaya.

*New edition* ko *revised edition* kuwa alkawari ne mai nauyi. Ma'anarsa an shiga cikin littafin an yi aiki: an gyara, an ƙara babi, an cire abin da zamani ya wuce. Ƙamusun Bargery na Hausa da Turanci ya fito a 1934 daga maɗaba'ar Jami'ar Oxford. A 1993 maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta sake fitar da shi, kuma Neil Skinner ya ƙara masa rataye na kalmomi da sabuwar gabatarwa. Saboda wannan ƙarin na ainihin kayan ƙamus aka kira shi bugu na biyu, *second edition*. Wanda ke da na 1934 yana da dalilin neman na 1993, domin zai sami kalmomin da babu a nasa. Wannan shi ne ma'aunin: in mai tsohon kwafi ya sayi sabon, zai ƙaru da wani abu a cikin ainihin karatun, ko kuwa a'a?

Yayarka tana da uzuri, domin ta ga an sauya bango an ƙara tarihin Baba, kuma wasu kamfanoni sukan kira irin wannan *anniversary edition* ko *memorial edition*, ba kuma wanda ya ce sun yi laifi, tunda kalmar da ke gaba ta bayyana dalilin. Amma *new edition* ziryan a kan littafin makaranta abu ne da nake ƙin sa har zuciyata. Na taɓa ganin wani kamfani, ba sai na faɗi sunansa ba, ya sauya launin bangon littafin firamare ya rubuta *revised edition*, alhali ko waƙafi ba a taɓa ba a ciki. Makarantu suka sa shi a jerin littattafan dole, iyayen da ke da na yayye a gida suka sake zuba kuɗi. Uban da ke da yara biyar a makaranta ya san zafin wannan. Tamkar a kai tsohuwar riga wajen mai bugu ne, ta fito tana ƙyalli, a sayar maka da ita da sunan sabon ɗinki. Rigar ba ta da aibi, ƙaryar ce ke da aibi. Littafin malami irin Baba bai cancanci a fara sabuwar rayuwarsa da irin wannan ba.

*Reissue* tana tsakanin waɗannan biyun. Rubutun ciki yana nan, amma an sake gabatar da shi: sabon bango, ko sabon girma, ko sabon kamfani, ko gabatarwa daga wani marubuci, kuma galibi bayan littafin ya yi ɓatan dabo, abin da suke kira *out of print*. Littafin Chinua Achebe na farko, Things Fall Apart, kamfanin Heinemann ya fitar da shi a Landan a 1958 da bango mai tauri. A 1962 kamfanin ya sake fitar da shi da bango mai laushi da farashi mai sauƙi a matsayin na ɗaya a jerin African Writers Series, kuma ta wannan hanya ya shiga makarantun Afirka. Bature zai ce: "It was reissued in paperback in 1962." Labarin bai canja ba, amma masu karatunsa sun canja, sun kuma ninka.

Misalin da na fi so in ba mutane irinku shi ne na wani malamin jami'a Ba'amurke, John Williams. Ya fitar da wani littafin ƙagaggen labari mai suna Stoner a 1965, bai sayar da kwafi dubu biyu ba, ya ɓace. Marubucin ya rasu a 1994. A 2006 kamfanin NYRB Classics, wanda aikinsa ke nan tono littattafan da aka manta, ya sake fitar da shi. Daga nan aka yi ta fassara shi a Turai, har a 2013 kantunan Waterstones na Ingila suka zaɓe shi gwarzon littafin shekara, kusan shekara 50 bayan fitowarsa ta farko. Ba a ƙara masa shafi ko ɗaya na labari ba. Jaridun Turanci da suka ba da wannan labari da *reissued* suka ba da shi, kuma da za su ce *reprinted* da labarin ya rasa armashinsa, domin sai a zaci littafin bai taɓa barin kanta ba. Akwai kamfanoni da dama da suka rayu a kan wannan sana'a, kamar Virago Modern Classics da aka fara a 1978 don dawo da littattafan mata da aka yi watsi da su. Su ma can sun yarda da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai kuma *republish*, wadda ta yi kusa da *reissue* ƙwarai, ba kuma kuskure ba ne in ka yi amfani da ita. Sai dai an fi jin ta a kan maƙala ko rahoto da wata jarida ta ɗauko daga wata ta sake bugawa, ko rubutun da aka sake ɗorawa a intanet.

Wani abu da ya shafi ɗalibai, tunda mun zo nan. Sau da yawa ina ganin kundin digiri an rubuta sunan marubucin da ya daɗe da rasuwa, sai a bi shi da shekarar bugun da ɗalibin ya saya jiya, har mai karatu ya zaci a wannan shekara aka yi tunanin. In littafin *reprint* ne ko *reissue*, shekarar asali ita ce shekarar ra'ayin, kuma tsarin kawo madogara irin na APA ya tanadi a nuna shekarun biyu. Don haka ku ma ku tabbata kun rubuta shekarar bugun farko a bayan shafin take.

Waƙa da fim

*Re-release* da kake gani a jaridu ta masu fim da mawaƙa ce, domin su *release* suke cewa a inda mai littafi zai ce *publish*. Fim ɗin da aka mayar sinima bayan ya gama zagayensa na farko, *re-release* aka yi masa. An mayar da Titanic na 1997 gidajen sinima a watan Afrilun 2012, daidai cikar shekara 100 da nutsewar jirgin. Avatar na 2009 ya rasa kambinsa na fim ɗin da ya fi kowane tara kuɗi a 2019, sai aka sake sakinsa a ƙasar Sin a watan Maris na 2021, kuɗin da ya ƙara samu suka dawo masa da kambin. A fagen fim da wuya ka ji ɗan jaridar yau ya ce *reissue*, ko da yake tsofaffin masu harkar sinima sun yi amfani da ita.

A fagen waƙa kalmomin biyu suna tafiya tare, amma akwai ɗan bambancin ɗanɗano. Idan tsohon faifan garmaho ko kaset ne aka tono, aka yi masa sabon kwali da bayanai, masu harkar sun fi cewa *reissue*, har akwai kamfanonin da ake kira *reissue labels*. Mamman Sani na Yamai ya naɗi kiɗan oganarsa a 1978, aka fitar a kaset kaɗan ƙwarai. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a faifan garmaho, mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba a Turai da Amurka suka san shi. Haka kamfanin Knitting Factory ya bi kundayen Fela Kuti yana sake fitar da su. Duk wannan *reissue* ne. Amma in an tsinto waƙoƙi daga faya-fayai daban-daban aka haɗa su wuri guda, wannan *compilation* ne, domin wannan haɗin bai taɓa fitowa ba balle a ce an sake.

Kalmomi uku ne ke yawan shiga tsakani a nan, kuma kowacce tana gaya maka irin aikin da aka yi. *Remaster* ita ce a koma wa ainihin naɗin a tace sautinsa da kayan zamani, ba tare da mawaƙi ya sake buɗe baki ba, kamar yadda aka yi wa kundayen Beatles, ƙungiyar mawaƙan Ingila, aka fitar ranar 9 ga Satumba, 2009. Shi ya sa kake ganin "remastered and reissued" a jere: ta farko aikin ɗakin naɗi, ta biyu aikin kasuwa. *Restore* ta fi zuwa a kan fim ɗin da ya lalace aka ceto shi. Fim ɗin Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni daga littafin Abubakar Tafawa Balewa, ya daɗe ba a ganinsa, har aka gano faya-fayansa a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Turanci zai ce *restored*. Ita kuwa *remake* sabon aiki ne ɗungurungum a kan tsohon labari. The Lion King ya isa misali shi kaɗai: ya fito a 1994, an yi masa *re-release* a 2011, an yi *remake* ɗinsa a 2019. Mawaƙiya Taylor Swift ma da ta rasa mallakar naɗin kundayenta na farko, sai ta koma ɗakin naɗi ta rera su daga farko, ta soma fitarwa a 2021. Wannan *re-record* ne, domin muryar da ke ciki sabuwa ce.

A talabijin in an maimaita shiri, Ingila *repeat* suke cewa, Amurka *rerun*. Wasan daɓe da aka dawo da shi dandali *revival* ne.

Kayan masarufi da batun relaunch

Wanda ya ce maka *relaunch* Turancin Najeriya ne ya ja shi, domin a nan mun saba da *book launch*, taron ƙaddamarwa da babban mai ƙaddamarwa da alkawuran kuɗi. In za ku yi taro, kana iya kiran taron *launch*. Amma *relaunch* a Turancin kasuwanci tana nufin an sake tallata haja da sabon salo, kuma galibi hajar kanta an taɓa ta. Wayar Nokia 3310 ta fito a 2000. A watan Fabrairun 2017 kamfanin HMD Global na ƙasar Finlan ya nuna wata waya mai wannan suna a taron masu waya na Basalona, mai allo mai launi da kyamara, abubuwan da tsohuwar ba ta da su. Suna da kamanni aka aro, cikin sabo ne. Jaridu suka ce *relaunched*, ko *revived*, ko *brought back*. Kwatanta wannan da abin da kamfanin Fender ya fara a 1982, lokacin da ya koma ƙera jita daidai da samfurin 1957 da na 1962, har ya kira su *reissue*, domin abin da yake sayarwa shi ne kamanceceniya da na asali. Masu agogo da masu takalma ma haka suke amfani da ita, ko da yake Nike *retro* take kiran tsofaffin samfuran Air Jordan da take dawowa da su.

A bakin talaka kuwa, a hira ta yau da kullum, ba *reissue* za ka fi ji ba. *Bring back* za ka ji, ko *bring out again*, ko a ce abu *is back*. Lokacin da Coca-Cola ta sauya ɗanɗanon lemonta a watan Afrilun 1985 mutane suka tayar da ƙura, abin da suke ta faɗa shi ne *bring back*, kuma a watan Yuli kamfanin ya dawo da tsohon. *Reissue* kalmar rubutu ce da sanarwa da jarida, wanda kuwa shi ne abin da kake shirin yi.

Yadda take zama a jimla

*Reissue* aikatau ce so-karɓau, dole a faɗi abin da aka sake fitarwa. Kuskuren da na fi gyarawa shi ne irin "The book reissued last year." Littafi ba ya fitar da kansa. Ko dai ka ambaci mai aikin, "The family reissued the book last year," ko ka juya jimlar, "The book was reissued last year." Wannan siga ta biyu ita ce ta fi yawa nesa ba kusa ba, domin yawanci littafin ne abin magana.

Ƙananan kalmomin da ke biye mata su ne ke ba ɗalibai wahala, alhali tsarinsu a fili yake. *By* ta mai fitarwa ce: *reissued by the family*. *In* ta shekara ce da siffar littafi: *reissued in 1962*, *reissued in paperback*. *On* ta abin da aka naɗi sauti ko hoto a kai ce: *reissued on vinyl*, *on CD*. *With* ta ƙarin da aka yi ce: *reissued with a new introduction*. In an sauya suna sai a ce *reissued as* ko *reissued under the title*. In ka mayar da ita suna, *of* ke bin ta: *a reissue of the 1965 novel*.

Kada ka ce *reissue again* sai in karo na uku ne, domin *re* ta riga ta ɗauki ma'anar sake. Kada kuma ka ce *reissue back*, wanda ɗan'uwan *return back* ne da *reverse back* da suka yi mana katutu a Turancinmu. Wajen rubutu ana jefar da *e* ta ƙarshe a *reissuing*. Wajen furuci gaɓa uku ce, ri-i-shu, ƙarfin murya a ta tsakiya, wasu Turawan Ingila kuma sukan ce ri-is-yu. Ita *reprint* tana da wata ɗabi'a: in suna ce ƙarfin yana kan gaɓar farko, in aikatau ce yana kan ta biyu.

Batun karan-ɗori kuma, ƙamusoshin yau *reissue* suke rubutawa a haɗe. *Re-release* an fi sa mata shi saboda *rere* a jere yana rikita ido, ko da yake Amurkawa da yawa suna haɗe ta. Inda karan-ɗori ya zama dole shi ne inda rashinsa ke juya ma'ana. Ɗan ƙwallon da ya yi *re-sign* ya sabunta kwantiraginsa ne, wanda ya yi *resign* kuwa ya ajiye aiki. *Re-cover* sake wa kujera ko littafi rufi ne, *recover* farfaɗowa. Za ka ga hukumar shige da fice ta Najeriya tana rubuta *re-issue* a kan sabunta fasfo. Wannan tsohon salon rubutu ne, ba kuskure ba, kuma ya nuna maka ɗaya fuskar kalmar, ta ofis: banki yana *reissue* na katin cirar kuɗi da ya ɓace, kamfanin jirgin sama yana *reissue* na tikiti in an sauya ranar tafiya, hukuma tana *reissue* na gargaɗin da ta taɓa yi.

Abin da zan rubuta da ni ne kai

Iyakokin da na shata maka ba katanga ba ce. Turawan kansu suna cakuɗa *reissue* da *reprint* da *re-release* a hira, wani lokaci har a jarida, kuma ba wanda zai kasa gane ka in ka ce *reprint*. Masana tarihin littattafai ma suna da tasu ma'anar ta *reissue* da ta fi wannan ƙunci, wato ragowar shafukan tsohon bugu da aka sa wa sabon shafin take aka mayar kasuwa. Abin da na ba ka shi ne yadda masu wallafa da 'yan jarida masu kula suke yi a yau. Sannan ni ban riƙe littafin a hannuna ba, hukuncina a kan bayaninka ya dogara.

Ina faɗin haka ne saboda littafin lissafi na shekarun 1980 yana da wani tarko. Tabbas za ku tarar da tambayoyi irin na lemo a kan kwabo goma da fensir a kan kwabo biyar, yaron yau kuwa bai taɓa riƙe kwabo ba. Wani a cikinku zai ce a gyara farashin, wani ya ce a daidaita babi-babin da manhajar yanzu. In kun yi haka kun bar *reissue* kun shiga *revised edition*, kuma adalci shi ne a rubuta sunan wanda ya yi gyaran, don kada a jingina wa Baba abin da bai rubuta ba. Gyaran kuskuren ɗab'i nan da can bai kai ya sauya sunan ba. Ku zauna ku yanke shawara tun kafin a kai maɗaba'a: abin tunawa kuke so wanda zai nuna yadda ya koyar, ko littafin da za a shiga aji da shi bana? In na farko ne, ku bar kwabbansa yadda suke. Ni a ganina hakan ya fi, domin yadda malami ya jera misalansa shi ne sawun hannunsa, kuma tsofaffin ɗalibansa abin da za su nema ke nan.

In kun tsaya a kan shirinku na yanzu, ga jimlar da za ta wadatar, sai ka cike suna da shekara: "First published in the 1980s and long out of print, the book is now reissued by the author's family, with a new cover and a short biography." A bayan shafin take kuma a rubuta *First published* da shekarar farko da sunan tsohon kamfanin, a ƙarƙashinsa *This reissue published* da shekarar bana.

Abu biyu kuma kafin ku kashe kuɗi. Tunda mai wallafawa ya sauya, littafin yana buƙatar sabuwar lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, kada ku kwafi tsohuwar in yana da ita. *Reprint* daga kamfani ɗaya ba tare da sauyi ba kuwa yana riƙe lambarsa. A Najeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke ba da wannan lamba, kuma shi ake kai wa kwafin ajiya da doka ta wajabta. Na biyu, haƙƙin mallakar rubutu a dokar Najeriya yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, don haka littafin yana da mai shi. Ku binciki takardun Baba ku ga ko akwai yarjejeniyar da ya sa wa hannu da tsohon kamfanin, domin wasu marubutan wancan zamani sun sayar da haƙƙin gaba ɗaya, kuma rufewar kamfani ba ta nufin haƙƙin ya dawo gida kai tsaye, yana iya kasancewa wani ya gaje shi. Zane-zanen ciki ma wataƙila na wani mai zane ne daban. Wannan fagen lauya ne, ba na mai gyaran rubutu ba, kuma zama ɗaya da lauyan da ya san harkar haƙƙin mallaka zai ishe ku ku san inda kuka tsaya.